Ɗaga nono karo na biyu: sai an saka raga, ko naman jiki ya isa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 42, haihuwata uku, kuma na gama. Shekara huɗu da suka wuce aka yi mini tiyatar ɗaga nono, ba a saka jakar silikon ta ƙara girman nono ba. Tabon ya zagaye kan nono, ya sauko tsaye, sannan ya kwanta a ƙasa. Wata shida na farko abin gwanin kyau. Kafin a cika shekara biyu sai ƙasan ya cika ya sauko, saman ya zama fayau, kan nonon kuma ya koma kallon sama har yana leƙowa ta bakin bireziya. A tsakanin nan na rage kilo 14. Na ga likitoci biyu. Ɗaya ya ce dole a saka mini raga a ciki, wai rigar nono ta ciki, ɗayan ya ce naman jikina ya wadatar. Wanne zan bi?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da wannan ɗawainiya. Ba ƙaramin takaici ba ne mace ta sha wuƙa, ta yi jinya, ta kashe kuɗi, sannan ta wayi gari tsugune ba ta ƙare ba. Hukuncin ƙarshe yana hannun wanda ya auna ki da hannunsa, amma abin da kika bayyana sananne ne a aikinmu, kuma ina da ra'ayi a kai. A ganina an faro miki zancen daga tsakiya. Raga tambaya ce ta uku. Kafin a zo kanta sai an san abin da ya sa aikin farko ya saki, sai kuma an san ta wace hanya jini yake isa kan nononki a yau. Likitan da ya amsa waɗannan biyun da kyau, aikinsa zai fi ƙarko, da raga ko babu.

A 1976 wata likita a birnin Montreal na Kanada, Paule Regnault, ta tsara matakan zubewar nono, kuma har yau da ma'auninta muke aiki. Ba girman nono ta duba ba, matsayin kan nono ta duba idan aka gwada shi da layin da nono ya haɗu da ƙirji daga ƙasa. Idan kan nono ya gangara ƙasa da layin, zubewa ce ta gaske. Idan kuwa kan nono yana daidai layin ko sama da shi, amma nama ya zarce ya rataya a ƙasa, wannan ita ta kira zubewar ƙarya. Bayaninki ya fi kama da ta biyun. Lokacin rufe irin aikin da aka yi miki, tazarar da ke tsakanin ƙasan baƙin da'irar kan nono da layin ƙasa yawanci santimita 5 zuwa 7 ce. In aka sa tef aka auna ki yanzu, ba mamaki a sami 10 ko fiye. Kan nonon bai matsa sama ba, ƙasan ne ya miƙe ya bar shi yana kallon rufi. Amfanin gane wannan shi ne mai yiwuwa ba kya buƙatar a ɗaga kan nononki ko da santimita ɗaya, kuma za ki ga nan gaba cewa wannan sa'a ce.

Ruwa ba ya tsami banza. Tabon da kika siffanta na tsarin da Robert Wise ya wallafa ne a 1956, inda ake yanka fata a ɗinke ta yadda ake yanka yadin bireziya. Tsari ne mai amfani, amma idan aka bar wa fata ita kaɗai ɗaukar kaya, sai an sake lale. Fata halittarta miƙewa ce, shi ya sa take iya ɗaukar cikin wata tara. A cikin nono akwai wasu siraran zaruruwa da suke ɗaure shi da fata da ƙirji, waɗanda Astley Cooper na Ingila ya siffanta tun 1840. Ciki uku, shayarwa da hawa da saukar ƙiba sun riga sun ja su, kuma babu tiyatar da take mayar da su yadda suke. Tabo ma, komai kyawun warkewarsa, ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fata lafiyayya. Sannan sau da yawa masu bin tsarin Wise suna barin mafi yawan nama a ƙasa, don ta nan suka bar wa kan nono hanyar jini. Ga nauyi a ƙasa, ga fata mai rauni tana riƙe da shi, ga kilo 14 da suka fita suka bar jaka ta fi kayan cikinta girma. Abin da kika gani a madubi ke nan.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni sosai, don a nan ne aiki na biyu ya bambanta da na farko. Nonon da wuƙa ba ta taɓa shiga ba yana samun jini daga wurare da dama: daga rassan da suke fitowa ta tsakanin haƙarƙari kusa da ƙashin tsakiyar ƙirji, daga gefen hammata, da kuma daga ƙasa ta cikin wani tantani da yake tasowa daga wajen haƙarƙari na 5 ya nufi kan nono, wanda Elisabeth Würinger ta Ostiriya ta bayyana a 1998. A tiyatar farko sau da yawa likita yana yanke mafi yawan waɗannan hanyoyin ya bar guda, wato wani zirin nama da kan nono yake maƙale da shi. Ki ɗauke shi kamar saiwa. Wani likitan yakan bar saiwar daga ƙasa, wani daga sama, wani daga ɓangaren tsakiyar ƙirji. Daga waje tabon duk iri ɗaya ne, ba za a kalle ki a gane ba. Kusan duk dabarar tallafi ta ciki tana buƙatar a yanka nama, a juya shi, ko a ɗaga fata daga kansa. Idan yankan ya bi ta kan saiwar da ta rage, kan nono zai iya yin baƙi ya mutu. Garin neman gira a rasa ido ke nan, kuma ba abu ne da ake gyarawa da ɗinki ba.

Saboda haka ki koma inda aka yi miki aikin farko ki nemi kwafin rahoton tiyata, takardar da likita yake rubutawa bayan ya fito daga ɗakin aiki. A ciki za a ga ta ina aka bar saiwa da kuma giram nawa aka cire. Ni dai nakan ɗage ranar aiki don jiran wannan takarda.

Idan ba ta samu ba, akwai hanyar taka-tsantsan. Cikin shekaru sababbin ƙananan jijiyoyi suna ratsa tabo su ciyar da kan nono daga kewaye. Elizabeth Hall-Findlay ta Kanada da abokan aikinta sun wallafa a 2017 yadda suke sake rage nono bisa dogaro da wannan: ba sa yanka mai zurfi a kewayen kan nono, in ma za a ɗaga shi kaɗan sai dai a kankare saman fata kawai a bar ƙasanta mai ɗauke da jijiyoyi, sannan a cire yankin nama a tsaye daga ƙasa. Ba duk likitoci ne suka saki jiki da wannan ba, wasu sun fi son a bi tsohuwar saiwa ko ta halin ƙaƙa. Amma kowa ya yarda cewa gwargwadon ƙarancin motsa kan nono, gwargwadon amincinsa. Sa'ar da na ce kin yi ke nan. Wasu asibitoci kuma suna da na'urar da ake yi wa mara lafiya allurar wani koren rini a jijiya, a haska nono da kyamara ta musamman a ga inda jini yake zagawa ana cikin aiki. Ki tambaya ko suna da ita.

To, tallafin da ake yi da naman jiki. Na farko kuma mafi arha, wanda ba a cika tallarsa ba don babu abin sayarwa a ciki, shi ne rage kaya. Naman da ya taru a ƙasan nono shi ne yake jan komai dare da rana. Mata da yawa ba sa son jin wannan, sai su ce ai sama babu komai, don me za a cire na ƙasa, a tura shi sama mana. Na fahimci wannan buri, amma abin da aka tura sama yana da halin dawowa inda ya fito. Idan aka cire, a misali, giram 100 ko 150 daga kowane ɓangare ta hanyar yanke yanki mai siffar tsinin mashi daga ƙasa, za a bar ginshiƙai biyu na nama, na ciki da na waje. Sai a haɗa su a tsakiya da zare mai jinkirin narkewa, irin wanda yake kai wajen wata shida a jiki. Wannan haɗin yana tsuke gindin nono, ya turo shi gaba, kuma nauyin ya koma kan nama maimakon fata. Tushen wannan tunani yana cikin aikin Claude Lassus na Faransa da Madeleine Lejour ta Beljiyam, waɗanda suka dage cewa nama ake siffantawa, fata kuma a shimfiɗa ta a kai ba tare da an ja ta ba. Sharaɗin shi ne ginshiƙan su zama nama mai tauri da zai riƙe zare. Nonon da ya zama kusan duk kitse ba ya riƙe ɗinki, zaren yana ratsa shi ne kamar an ja shi ta cikin dafaffen abu mai laushi. Wannan likita yakan fara gane shi tun a ɗakin duba, da yatsunsa.

Sai layin ƙasa kansa. A wasu matan ba fata ce kawai ta miƙe ba, layin ne ya kwance ya gangara kan ciki. A nan sai an sake kafa shi: a jera ɗinki daga ƙasan fata zuwa tantanin da ya lulluɓe tsokar ƙirji, wani lokaci har tantanin ƙashin haƙarƙari. Ɗinkin nan yana da ciwo na wasu makonni, kuma yakan bar 'yan lotsawa a fata kafin ya saki. Ki sani tun yanzu don kada ki firgita.

Akwai kuma dabarun da suke juya naman ƙasa ya zama matashi a bayan nono. Liacyr Ribeiro na Birazil ya wallafa tasa a 1975: a ware wani harshen nama daga ƙasa wanda yake shan jini daga ƙirji, a tura shi sama ta bayan nono, a ɗinke shi a jikin tantanin tsoka. A 2002 Ruth Graf ta Birazil da Thomas Biggs na Amurka suka ƙara masa ɗamara, inda ake ɗaga wani zirin tsokar ƙirji a zura harshen naman ta ƙarƙashinsa don ya riƙe shi. Ga matan da suka rage ƙiba mai yawa, J. Peter Rubin na Pittsburgh ya tsara yadda ake kankare saman fatar da a da zubar da ita ake yi, a mayar da ƙasanta fukafukai a ɗinke su a jikin haƙarƙari, nono ya zauna a ciki kamar ƙwarya a ragaya. Ina son wannan tunani, don ƙasan fata shi ne abu mafi tauri da jiki yake da shi a wurin, kuma ba baƙo ba ne. Sai dai duk waɗannan an tsara su ne a kan nonon da ba a taɓa yanka ba. A karo na biyu, idan saiwar kan nononki daga ƙasa take, ware harshen Ribeiro yana nufin raba kan nono da babbar hanyar jininsa. Harshen kansa ma, in tsohon yanka ya ratsa gindinsa, zai iya rasa jini, kitsen cikinsa ya mutu ya dunƙule ya zama ƙululu mai tauri da zai tayar miki da hankali ya kuma rikita hoton nono. Ɗamarar tsoka kuwa wasu likitoci ba sa sonta, don tana kai naman nono ƙarƙashin tsoka, inda bai kamata ya kasance ba idan wata rana aka zo batun ciwon daji.

Mu zo kan raga. Ba sabon abu ba ne. João Carlos Sampaio Góes na São Paulo ya wallafa aikinsa na saka raga a ƙarƙashin fatar nono tun 1996. Ragar da ba ta narkewa, irin ta zaren roba da ake toshe ƙaba da ita, tana da ƙarfi, amma tana nan har abada. Tana iya taurara, a ji ta da hannu, kuma idan ƙwayoyin cuta suka kama ta, cire ta daga cikin nama aiki ne ja. A nonon da ba na gyaran bayan ciwon daji ba, ni ba na saka ta. Ragar da take narkewa da wuri kuma, irin ta zaren ɗinkin tiyata mai suna Vicryl, ƙarfinta yana tafiya cikin makonni, kafin jiki ya gama gina abin da zai maye gurbinta.

Abin da likitanki yake nufi, kusan tabbas, ɗaya ce daga cikin masu jinkirin narkewa. Wadda ta fi suna ita ce GalaFLEX, da ake saƙawa da wani sinadari mai suna P4HB wanda ƙwayoyin bakteriya suke samarwa a masana'anta. Jiki yana narkar da ita cikin kimanin wata 18 zuwa 24. Akwai TIGR Matrix ta ƙasar Suwidin, mai zare iri biyu, ɗaya ya tafi cikin watanni, ɗayan ya kai wajen shekara uku. Akwai DuraSorb, wadda ake yi da irin sinadarin zaren ɗinki mai jinkirin narkewa. Hikimar duka ɗaya ce: raga ta riƙe kaya na ɗan lokaci, nama ya tsiro ta cikin ramukanta, idan ta narke ta bar wani shimfiɗaɗɗen tabo na kolajin a wurin, wato sinadarin da yake ba fata da tabo ƙarfi. Ana yanka ta kamar jinjirin wata, a kewaye ƙasan nono da ita, a ɗinke gefe ɗaya kusa da ƙashin tsakiyar ƙirji, ɗayan a gefen haƙarƙari, ƙasanta kuma a layin ƙasa.

Ban da su akwai fatar da aka wanke aka cire mata ƙwayoyin halitta, ta ɗan'adam da ya rasu kamar AlloDerm, ko ta alade kamar Strattice. Haƙƙinki ne a faɗa miki asalin abin da za a saka a jikinki, don wasu suna da dalilin addini na ƙin wani iri. Tana da tsada ƙwarai, tana jawo taruwar ruwa, wani lokaci fatar nono ta yi ja ba tare da ƙwayar cuta ba. Amfaninta ya fi fitowa inda akwai silikon.

Da yake na ambaci silikon, bari in ɗan ratse saboda masu karatu da nasu aikin ya haɗa da shi, don a wurinsu lissafin daban ne. Jakar silikon mai cc 400, wato mililita 400, nauyinta ya kusa giram 400, kuma tana danna nama daga ciki shekara da shekaru har ya yi siriri. Idan a saman tsoka aka saka ta, an riga an yanke hanyoyin jinin da suke tasowa daga ƙirji, don haka kan nono ya fi shiga haɗari a aiki na biyu. Gyaran a nan yakan fara da ɓawon tabon da jiki ya yi wa jakar: a ɗinke shi a tsuke aljihun, ko a ƙona shi kaɗan-kaɗan ya tattare, ko a buɗe sabon aljihu tsakanin tsoka da tsohon ɓawo. Tun da aka janye jakunkuna masu kaushin baya na Biocell daga kasuwa a 2019 saboda alaƙarsu da wani nau'in ciwon daji na ƙwayoyin garkuwar jiki, likitoci da yawa suka koma masu santsi, su kuwa sun fi zamewa ƙasa da gefe. A irin wannan hali, inda nama ya yi siriri kuma ɗinki ya taɓa saki, hujjar raga tana da ƙarfi. Duk da haka nakan fara da roƙon mace ta yarda a rage girman jakar, ko a cire ta gaba ɗaya.

Mu dawo kanki. Me bincike ya nuna game da raga a nonon da babu silikon? Akwai rahotannin da suka nuna ƙasan nono bai miƙe sosai ba bayan shekara ɗaya. Amma yawancinsu mata kaɗan aka bi, na ɗan gajeren lokaci, ba tare da wani rukunin da aka yi wa aiki iri ɗaya babu raga ba, kuma da dama daga marubutan suna da alaƙar kuɗi da kamfanonin. A shekara ɗaya raga irin GalaFLEX ba ta ma gama narkewa ba. Kirarin da ake yi cewa naman da ya maye gurbinta ya ninka na asali ƙarfi ya samo asali ne daga gwaji a bangon cikin dabbobi, wanda ba nono ba ne. A watan Nuwamba na 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta rubuta wa ma'aikatan lafiya cewa ba ta tantance aminci da ingancin raga a tiyatar nono ba, kuma babu ragar da ta ba izini musamman don wannan aiki. Wannan bai haramta saka ta ba, likitoci suna da damar amfani da kayan aiki a wajen abin da aka yi masa rajista, amma ya wajaba a gaya miki kafin ki sa hannu. Adalci kuma shi ne in faɗa miki cewa dabarun naman jiki ma ba su tsira daga suka ba. Eric Swanson na Amurka ya auna hotunan rahotanni 82 da aka wallafa, ya fitar da sakamakon a 2011, ya kuma kammala cewa ɗinke nama a ƙirji don cika sama bai nuna ribar da ake yi masa kirari da ita ba. Ba kowa ne ya yarda da shi ba, amma ya tilasta mana riƙe tef da kyamara maimakon yabon kai.

Daga nan ki ɗauki abu guda: raga tana tallafar ƙasa ne, ba ta cika sama. Idan abin da ya fi damunki shi ne fayau ɗin sama, hanyoyinsa biyu ne, ƙaramar jakar silikon ko dashen kitse. Kitsen ana zuƙo shi daga ciki ko cinya a tace a saka, wani kaso ya narke cikin watannin farko, sauran ya zauna, kuma sau da yawa sai an maimaita. Ga macen da fatarta ta riga ta nuna ba ta jure nauyi, na fi karkata ga kitse, duk da cewa cikar da yake bayarwa ba ta kai ta silikon ba.

Ragar tana da nata farashin a jiki, kuma ya fi tsanani a aiki na biyu. Kafin a shimfiɗa ta sai an ɗaga fatar ƙasan nono daga nama, fatar da tsohon tabo ya riga ya rage mata jini. Mahaɗar tabon tsaye da na kwance ita ce wurin da ya fi saurin buɗewa, kuma daidai nan ragar take kwance. In ya buɗe aka hango ta, galibi akan datse ɓangaren da ya fito a ci gaba da wanki har ya rufe, amma makonni ne na jinya da tabo mai faɗi. Mai siririyar fata za ta iya jin gefenta da yatsa na tsawon watanni. In aka ja ta da yawa, ƙasan nono ya baje kamar faifai, ko ta shaƙe saiwa jini ya kasa komawa.

Ga yadda ni nake yanke shawara. Idan na taɓa na ji nama mai tauri, fata mai ɗan kauri, kuma rahoton farko ya nuna fata kawai aka ja ba a taɓa siffanta nama ba, to ba a ma gwada naman jikinki ba tukuna, kuma ina tare da likita na biyu: a rage ƙasa, a haɗa ginshiƙai, a kafa layin ƙasa, a bar kan nono inda yake. Idan kuwa naman ya zama lagwani, fatar ta cika da nankarwa, an riga an yi ɗinkin ciki a karon farko ya saki, ko kina ƙin a rage girma, to raga mai jinkirin narkewa tana da muhalli, a matsayin ƙari a kan waɗancan matakan. Raguwar kilo 14 tana ɗan tura ki wajen rukuni na biyu. Abin da ba zan karɓa ba shi ne kalmar dole daga bakin na farko ba tare da ya nuna miki dalili a jikinki ba, ko a saka raga a bar nauyin ƙasa yadda yake.

Kafin a sa rana, nauyinki ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata shida. Idan kina kan allurar rage ƙiba ko kina da niyyar ƙara ragewa, ki gama tukuna. A duba jininki da sinadarin ƙarfe da furotin, don mai rage ƙiba takan rasa su kuma rauni ba ya warkewa sai da su. In akwai ciwon suga a daidaita shi. Nikotin ta kowace hanya, sigari, shisha, na lantarki ko na mannawa a fata, a bar shi aƙalla mako huɗu kafin aiki da mako huɗu bayansa, don yana tsuke ƙananan jijiyoyin da kan nononki ya dogara da su. A shekarunki a yi hoton nono na mamogiram kafin a taɓa komai, kuma duk hoton da za ki yi nan gaba ki gaya musu an yi aiki sau biyu da abin da aka saka. Bayan aiki, kwana biyu zuwa uku na farko ido yana kan launin kan nono: in ya koma shuɗi-shuɗi ya kumbura, ko ya yi fari fat ya yi sanyi, a kira likita a daren, don kwance 'yan ɗinki a kan lokaci yana iya ceto shi. Bireziya mai riƙo marar ƙarfe dare da rana na wajen mako shida, babu gudu babu ɗaukar kaya mai nauyi. Jin taɓi a kan nono zai iya raguwa fiye da karon farko, wani lokaci ya dawo cikin watanni, wani lokaci bai dawo duka ba.

Idan kin koma wurin likitocin, ki roƙi kowannensu ya nuna miki hotunan matan da ya yi wa aiki na biyu, masu irin fatarki, an ɗauka daga gefe, hannuwa a sauke. Ki tambayi watanni nawa bayan aiki aka ɗauki kowane hoto. Na wata uku ko shida kada ki ba shi muhimmanci, naki ma a lokacin gwanin kyau ne. Na bayan shekara biyu za ki nema, musamman daga mai raga, don a lokacin ne raga irin GalaFLEX ta gama narkewa.